Wasiƙa daga Liyon zuwa ga Yaya a Garwa

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kin wuni lafiya, ke da Inna da yara. Ya zafi? Na san war haka Binuwai ya ja baya, yashi duk ya fito. Mu nan sanyi bai gama sakinmu ba.

Na ji saƙon Inna a kan ɗana Auta, cewa za ta aiko da rubutu da hayaƙi. Ki ce mata na gode, addu'arta kuwa kullum muna bukata. Amma ke bari in warware miki zare da abawa, don na gaji da amsa muku da "da sauƙi".

A Faransa tun 2019 yaro na cika shekara 3 dole ya shiga lakwal. Da Auta ya shiga, bai yi wata biyu ba malamarsu ta kira ni: ba ya juyowa in an kira sunansa, ba ya wasa da yara, ana fara hayaniya sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur. Wallahi haushinta na ji. Na ce ai babansa ma sai da ya shekara 4 bakinsa ya buɗe. Shekara guda cur na ɓata a kan wannan taurin kai, kafin likita ya ce otizim ne, wata lalura da ke shafar magana da cuɗanya da mutane.

Akwai dokarsu ta 11 ga Fabrairu 2005, wadda ta ba kowane yaro mai naƙasa haƙƙin a rubuta sunansa a makarantar unguwarsu. Taimakon cikin aji kuwa sai an kai dosiye, wato tarin takardun nema, ofishin masu naƙasa da suke kira MDPH: fom mai shafi 20, takardar likita, da bayanin da makaranta ke cikawa. A fom ɗin akwai wurin da uwa ke faɗin yadda rayuwar ɗanta take, kuma nan na sha wuya. Kin san tarbiyyarmu, ko mutum na kan gargara aka gaishe shi sai ya ce lafiya lau. Haka na rubuta: yaro mai hankali, yana ci, yana barci, alhamdulillah. Maƙwabciyata 'yar Abeshe, wadda ta bi wannan hanya saboda 'yarta, ta karanta ta ce, "To in haka ne me kike nema a wurinsu?" Ta zaunar da ni na rubuta ranarsa mafi muni. Har yanzu da kunzugu yake kwana, ya taɓa fizgewa ya faɗa titi, abinci iri uku kawai yake ci. Ina rubutu ina kuka, ji nake kamar na kwance wa ɗana zani a kasuwa.

Amsa ta zo bayan wata huɗu da 'yan kwanaki. Aka ba shi mai rakiya, AESH suke ce musu, mace ce mai haƙuri da ke zama gefensa a aji. Ba tasa ba ce shi kaɗai, da wasu yara biyu suke raba ta, kuma ranar da ba ta da lafiya gida nake dawowa da shi, aikina ya tsaya. Sau ɗaya a mako muna zuwa wurin mai koyar da magana, da hotuna take koya masa. Makon jiya ya ɗauko hoton kofi ya ɗora mini a tafin hannu, maimakon ihun da ya saba. Babansa da ke cewa duk bokon banza ne, fita ya yi baranda yana share ido.

Yaya, kada ki ji haushina, zancen ɗanki na biyu zan yi. Tun da sanƙarau ya taɓa masa kunne kika ajiye shi a gida, shekara 2 ke nan. Kamaru ma tana da doka, ta 13 ga Afrilu 2010, kuma a ƙarƙashinta yaro mai katin naƙasa na samun sassaucin kuɗin makaranta. Ki je ofishin jin daɗin jama'a ki tambayi yadda ake yin katin. Kuɗin likita da hoto da na hawa mashin ni zan turo ƙarshen wata. In sun tambaye ki yadda yake, don Allah kada ki ce da sauƙi.

In kin samu mai tahowa ki haɗo mini kuka da daddawa, miyar kuka na cikin abubuwa ukun da Auta ke ci. Ki gaishe da Inna da kyau, da Baffa, da duk mutanen gida.

Taki,
ƙanwarki