A daina yi wa tsofaffin rumbuna yaɓen siminti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu ja hankalin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa kan gine-ginen manoma na dā.

A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Sukur, da ke Ƙaramar Hukumar Madagali a Adamawa, cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Nijeriya. Masu ziyara sun fi ɗokin fadar Hidi, sarkin Sukur, alhali kariyar ta haɗa da gonakin da aka yi wa matakalar dutse, da masussuka, da rumbuna, da ramukan da aka kewaye da dutse don kiwata bijimai. An ƙona gidaje a harin Boko Haram na 2014, gyara ya zama dole. Yadda za a yi gyaran ne damuwarmu, a can da ko'ina.

Rumbun ƙasa kan duwatsu ake ɗora shi, kamar kamu guda daga ƙasa, don iska ta ratsa, danshi kada ya hau, a kuma hango hanyar gara tun ba ta yi nisa ba. Ana kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a ɗora layi ɗaya, sai ya sha iska a ƙara wani. Mai gaggawa ya ɗora uku a yini, ciki ya bankare ya tsage.

Siminti kuwa ba ya numfashi. Ruwa ya shiga ta ƴar tsaga ya rasa mafita, ƙasar ciki ta jiƙe, wata damina sai yaɓen ya ɓamɓaro da rabin bango. Rufin kwano ma haka: da rana ya gasa hatsi, da dare ya yi gumi ya ɗiga kan dami.

Yaɓen da ya dace shi ne ƙasa da ruwan makuba, wato na ɓawon ɗorawa, bayan kaka. Baibaya a sabunta ta duk shekara biyu ko uku, jinkar ta zarce bango yadda ruwa zai zuba nesa da gindi. Duk rumbun da muka ga ya faɗi, daga gindi ko daga jinka ya fara.

Muna roƙon hukumar ta riƙa ba magina na gargajiya wannan aiki, ta kuma rubuta sunayen waɗanda suka rage.

Wassalam,
Wasu magina, Yola