Zuwa ga Abba, a Ann Arbor

Abba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau, sai kewarka. Rubutowa na yi ban kira ba, don a waya ka iya shashantar da ni da barkwanci har in manta abin da ke raina.

Na ga bidiyon da ka turo wa ƙannenka. Filin ƙwallon Amurka ɗin nan naku na Jami'ar Michigan da kuke kira Big House, mutum sama da dubu 107, kowa cikin ruwan ɗorawa da shuɗi, 'yan badujala suna fareti, ku ɗalibai kuna tsaye kuna ihu. Na ga masu buɗe bayan motocinsu tun sassafe suna gasa nama. Ban hana ka kallo ba, muddin kana kiyaye sallarka kana kauce wa inda ake shan giya. Har labarin gabarku da Jami'ar Ohio State da ka ba Babanku, ta zamanin kocinku Bo Schembechler da nasu Woody Hayes, da yadda mutanen can suke rufe harafin M a allunan makarantarsu in makon wasan ya zo, sai da muka yi dariya.

Abin da Hadiza ta faɗa min ne ya hana ni barci. Wai ka fara ɗaga ƙarfe, kana ƙara nauyi da gangan, za ka je gwajin da ake yi wa ɗaliban da ba don wasa aka ɗauko su ba, ko a saka ka cikin ƙungiya. Da gaske ne? Kuma kowa a gidan nan ya sani sai ni?

Na san za ka kawo min David Ojabo, haifaffen Najeriya, wanda sai da ya girma ya fara wasan kuma ya yi suna a makarantarku. To ka ƙarasa labarin. A 2022, saura 'yan makonni NFL, babbar gasar ƙwararrun wasan, ta ɗauki sababbin 'yan wasa, agararsa ta tsinke a wajen gwaji, a gaban masu zaɓe. Wannan ma ƙafa ce, ana ɗinke ta. Ni kanka nake ji.

Ka san shekarun da na yi ina jinya a ɗakin 'yan haɗari. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take a ƙoƙon kai. Hular kwano tana kare ƙashi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa buga ƙoƙon daga ciki in an yi karo. Kuma ba sai mutum ya suma ba, ƙananan karon da ake yi kullum a atisaye taruwa suke yi. Ɗan ƙasarmu ne ma, Dakta Bennet Omalu, ya fara gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a ɗan wasan ƙwallon Amurka, da ya binciki gawar Mike Webster a Pittsburgh a 2002. Mutumin shekararsa 50, ya rikice tun kafin ya mutu. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar mamata 53 da wasansu ya tsaya a matakin jami'a, suka sami cutar a 48. Na sani, yawanci iyalan da suka ga alama ne suke ba da ƙwaƙwalwar nasu, don haka ba kowa ne zai kamu ba. Amma ba a tabbatar da ita sai bayan rai ya yi halinsa, kuma ba ta da magani. Da me zan jira in gani ko kana ciki?

Ka manta Kawu Bala ne? Ka manta Inna tana ba shi kunu a cokali, yana kiranta da sunan wata? Kai ka riƙa riƙe masa buta. Ba don haka Babanku ya rabu da filinsa don karatunka ba, Abba, kuma ka san abin da 'yan'uwansa suka faɗa a lokacin. Harbaugh, tsohon kocinku da kuke yi wa kirari, ya ci kofin ƙasa a Janairun 2024, kafin watan ya ƙare ya koma ƙungiyar Chargers ta NFL. Neman abincinsa yake, ban ga laifinsa ba. Sai dai ranar da ka fara manta sunan 'ya'yanka, babu kocin da zai zo ya zauna a gefen gadonka. Da na hana ka dambe kana ɗan sakandare ka daina cin abincina, ban janye ba. Yanzu ma ban yarda ba, kuma ba na so in ji daga bakin wani cewa ka je.

Na san akwai kaɗaici, ga sanyi ya fara, kuma kana so a san da kai a cikin wannan taron. Allah ya ba ka jiki da gudu, ba na musu. Ka nemi ƙwallon ƙafa irin tamu ko guje-guje, ni zan saya maka takalmin.

Ka kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu, ni kaɗai, ka faɗa min gaskiya ko ka riga ka ba da sunanka. Ba zan yi faɗa ba. Yajinka da kuka suna hannun Hadiza, za ta ba mai tahowa. Ka sayi rigar sanyi mai kauri kafin Disamba. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifiyarka