Mutumina, ka ɗaga injin nan daga ƙasa

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya zafin Agadas? Mu nan Kaduna alhamdulillahi, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa.

Na ga hotunan Fijo 504 ɗin marigayi Baba da ka turo, Allah ya jiƙansa, gaskiya motar nan da sauranta. Amma hoton ƙarshen nan wallahi ya ɓata min rai, inji a ƙasa kan tsohuwar taya cikin yashi, yaron gareji har ya ɗora ƙafa a kai. Haba mutumina, a Agadas fa! Iska ɗaya in ta taso yashi ya shige cikin metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, shikenan aikin ya zama na banza, kuɗin ringi da gasket duk sun tafi. Dan Allah kar a sake kwance ko noti ɗaya sai an ɗora shi kan sitan, irin ƙarfen nan mai tayoyi da ake juya inji a kai.

Ba sai ka nemi na kanti ba, nawa a Panteka mai walda ya haɗa min da bututu mai kauri. Ka dai ce a yi ƙafafun gaba dogaye su wuce tsawon injin, kuma taya huɗu, mai taya uku in ka tura shi ya ci karo da ɗan dutse kifewa yake, kuma abin nan ya haura buhun siminti biyu nauyi, ba ƙafar da za ta sha.

Ka fara zubar da baƙin mai da ruwa tukuna, a cire giyabos da kuloci da filawil, ramukan da giyabos ke ɗaurewa a bayan bulok nan ne hannayen farantin sitan za su kama. To ga inda mutane ke wahalar da kansu, sai su kafa sitan suna ta turo inji suna neman rami. A'a, zare farantin daga jikin sitan ka ɗaure shi a injin tun yana rataye a cen bulok, sarƙar nan ta ɗaga kaya masu nauyi, sannan ka zura wuyan farantin cikin bututun sitan, ka sa fil, ka riƙa sassauta sarƙa a hankali kana kallo. Kusoshin kuma kar ka yarda da kowane tarkace na cikin gwangwani, nemi masu lamba 8.8 a kai, su shige bulok sosai ba zare biyu uku ba, in sun yi tsawo ka cike da washa.

Kuma ka san injin 504 ba a miƙe yake zaune cikin mota ba, a kishingiɗe yake wajen digiri 45, bulok na ƙarfe ne kan silinda kuma alminiyom, saboda haka ka duba inda nauyi ya rinjaya kafin ka ƙulle hannayen, wuyan ya ɗan hau sama da layin karanshaf. In ba haka ba kana zare fil zai juye da kansa ya fizge maka hannu.

Babban abin da ya sa na zauna rubuto maka ma shi ne silif, wato bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa. Wannan injin mai cc 1971 silif ɗinsa zarewa suke, ruwa ke zagaye su kai tsaye, kan silinda ne kawai ya danne su. Da an cire kan, ka sa kusa da babban washa ka danne kowanne kafin a juya karanshaf ko a kifa injin a kan sitan, don in silif ya motsa abin da ya toshe gindinsa ya lalace sai ka ga ruwa na haɗuwa da baƙin mai, ya koma kamar koko. Yaran yanzu da suka tashi kan Toyota da Honda da yawa ba su san wannan ba, ka tsaya a kansu da kanka.

Kayan gyara kuma kar ka damu, motar da aka yi ta haɗawa a PAN, kamfanin haɗa Fijo na nan Kaduna, tun shekarun 1970 har wajen 2006 ai ba a rasa kayanta, ko Ƙofar Ruwa a Kano za a samu. Turo min abin da kake buƙata da hoton lambar bulok in ba direban da ke zuwa Maraɗi, daga can ka san yadda za ka yi.

Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa uwargida muna nan muna jiran cukun da aka yi mana alkawari. Sai na ji daga gare ka.

Naka, abokinka na Kaduna