Wasiƙa daga Gombe kan adirinal da maganin ƙiba

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali a can Fatakwal. Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ƙanwarka yanke shan deksametason, maganin da take sha don ƙiba, dare ɗaya, alhali ni na fara yi mata faɗa a kansa.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai suna adirinal, ita ce ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukari idan jiki ya shiga wahala. Ba ta yin wannan aiki sai da umarnin homon ɗin ACTH, wato sinadari mai kai saƙo a jiki, wanda ke fitowa daga wata 'yar tsoka mai suna fituwitari a ƙasan ƙwaƙwalwa, ya bi jini ya sauka a kan makarɓarsa, wato wurin da ke karɓar saƙonsa a jikin adirinal. Sunan makarɓar MC2R, kuma a 1992 aka gano ƙwayar gadon da ke ƙera ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a sassan jiki da dama idan homon ya yi yawa ƙwayoyin halitta kan rage makarɓansa, amma a nan ACTH da kansa yake zaburar da ƙwayar gadon ta ƙara ƙera masa makarɓa, haɗe da furotin ɗin MRAP da aka gano a 2005, wanda ke raka makarɓar har ta zauna a fatar ƙwayar halittar adirinal. Wato yawan kira ne ke buɗe kunnen adirinal.

To, deksametason ɗin da 'yan matanmu ke saya a kemis a matsayin sha-ka-fashe ɗan'uwan kotisol ne, ya ma fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan aka yi watanni ana sha, fituwitari kan ɗauka kotisol ya wadata ta janye ACTH, makarɓan su ragu, adirinal ta motse. Ranar da aka yanke maganin, musamman idan zazzaɓin cizon sauro ya zo a kai, sai amai da kasala da faɗuwar jini su biyo baya, wani lokacin har a rasa rai. Farfaɗowar tsokar kan ɗauki makonni ko watanni, shi ya sa likita ke rage maganin sannu a hankali.

Don Allah ka yi wa Hajiya waya a kai ƙanwar taka Asibitin Koyarwa na Tarayya a makon nan, ta riƙe kwalin maganin, ta kuma faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha. Idan tana shafa man bilicin ta kai shi a duba, domin wasu na ɗauke da irin wannan sinadari.

Naka amini,
Sale