Kafin a sa ranar janye sojoji

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan muhawarar janye sojoji daga yaƙin ƙasar waje. Ina tare da masu cewa a dawo da su gida, domin uwar da ɗanta ke bakin daga ba ta barci. Damuwata ita ce yadda ake fara sanar da ranar fita tun ba a shirya wanda zai riƙe ƙasar ba.

A dubi Afganistan. A Fabrairun 2020 Amurka ta ƙulla yarjejeniyar janye sojojinta da Taliban a Doha, babban birnin Qatar, ba tare da gwamnatin Kabul ba. Daga nan Taliban ta san jira kawai ya rage mata. 'Yan kwangilar da ke gyara jiragen yaƙin Afganistan suka tattara kayansu, ƙananan sansanoni suka rasa harsashi da abinci, sojojin gwamnati suka yi ta miƙa wuya gunduma bayan gunduma. Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta, 2021, tun kafin a gama kwashe mutane. Har yanzu ina ganin hoton mutanen da suka maƙale a jikin jirgi yana shirin tashi.

Tarayyar Sobiyet kuwa ta fice daga Afganistan a 1989, amma gwamnatin Shugaba Najibullah da ta bari a Kabul ta kai 1992, sai da tallafin Mosko ya yanke ta rushe.

Shawarata: a janye kashi-kashi, a zauna da gwamnatin ƙasar a kowace tattaunawa, a ci gaba da biyan albashin sojojinta da gyara musu kayan aiki. Tafintoci da sauran waɗanda suka yi wa baƙin sojoji aiki kuma, a fitar da su da iyalansu tun da sauran lokaci.

Naku,
Wani mai karatu