Wasiƙar Godiya ga Gidan Abincin Søstrene Hagelin na Birnin Bergen

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Søstrene Hagelin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa yadda kuka riƙe girkin kifi irin na mutanen gaɓar tekun Norway tun daga shekarar 1929, lokacin da 'yan'uwan juna mata biyu suka kafa wannan gida. Baƙon da ya sauka a Bergen yakan rasa inda zai ci abincin 'yan gari na ainihi, domin yawancin wuraren da ke bakin tashar jirgin ruwa masu yawon buɗe ido suke nema, ku kuwa abin da iyalan masunta suka saba ci a gidajensu shi kuke dafawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne miyar kifinku. Fara ce, mai kauri da kirim ɗin madara, an sa mata karas da ƙananan dunƙulen kifi, kuma tana da ɗan tsami da ɗan zaƙi kamar yadda mutanen Bergen suka gada. Wanda ya tashi da barkono da daddawa zai iya ganin lami ce a cokalin farko, amma a ranar da ruwan sama ya ƙi tsayawa, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, sai ya gane dalilin da ya sa ake layi a kanta. Haka kuma fiskekaker ɗinku, wato niƙaƙƙen farin kifi da aka kwaɓa da madara aka soya kamar waina, ɗanɗanon kifin ke gaba, ba gari ba. Ina kuma yaba wa ma'aikatanku da ba sa gajiya da bayyana abin da aka zuba a tukunya, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga Musulmin da ke kula da abin da zai ci.

Ina shawartar 'yan'uwana da tafiya ta kawo su Bergen da su zaga kasuwar kifi ta Fisketorget, su leƙa unguwar Bryggen inda fataken Jamus suka shafe ɗaruruwan shekaru suna cinikin busasshen kifin tsibiran Lofoten, wanda har yau ake kai shi kasuwannin Najeriya ana kiransa okporoko ko panla, sannan idan lokacin cin abincin rana ya yi su nufi titin Strandgaten wajenku.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku mai godiya,
Wani ɗalibi mazaunin Bergen