Godiya ga wani ƙaramin gidan abinci a garin Sen Emiliyon na ƙasar Faransa

Zuwa ga Madam da ma'aikatanta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne dattijon nan mai farar hula da ya zo muku da ɗansa wata Asabar a cikin Satumba, muka zauna a teburin kusa da taga. Ɗan nawa da ke karatu a birnin Bordo zai juya muku wannan takarda zuwa Faransanci. Na rubuta ta da Hausa ne don 'yan uwa masu zuwa ƙasarku su san inda za su ci abinci hankali kwance.

Mun zo ganin gari ne kawai, tunda an ce UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Lokacin girbin inabi ne, motocin noma na ta wucewa da kaya, iska duk ƙanshin zaƙi. Yunwa ce ta shigar da mu wurinku, kuma na shiga da ɗar-ɗar, domin garin nan da giya aka san shi, mu kuwa ba ma sha.

Da ɗana ya faɗa miki haka, Madam, ba ki yamutsa fuska ba, ba ki kuma tura mana lemun kwalba kin wuce ba. Sai kika ɗauko kwalabe biyu kika ajiye gabanmu. Ta farko, kika ce, giya ce da aka bari ta tsima sannan aka cire mata barasa, kuma irinta kan rage da ɗan kaɗan a ciki. Ta biyun ruwan wani irin inabi ne da ake kira merlo, zalla, an matse shi aka ɗumama nan take don yis ɗin da ke jikin ɓawon ya mutu kafin ya mayar da sukari barasa. Ta farkon ta fi tsada, amma da hannunki kika janye ta. Wallahi wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Kika ƙara gaya mana cewa naman ranar ba yankan Musulmi ba ne, miyarsa da jar giya aka dafa ta, har wainar nan ta Bordo da ake kira kanele akwai barasa a ƙullinta. Da kin yi shiru, da ba za mu taɓa sani ba.

Kuɗin kwalbar bai kai na tikitin jirgin ƙasan da ya kawo mu ba. Launinsa ja ne mai duhu, ya fi zoɓo kauri, tsaminsa bai kai nasa ba. Kurɓar farko zaƙi ne ya cika mini baki, sai can baya wani ɗan bauri ya biyo, irin wanda goro ke bari a harshe amma mai sauƙi. Saurayin da ke mana hidima ya fasa ƙwayar inabi ɗaya a kan faranti, ya nuna mana tsokar fara ce, jan da baurin duk daga ɓawo da ƙwallo suke fitowa. Shi ya ce mana sunan merlo daga wani baƙin tsuntsu aka samo shi, kuma wannan iri ya fi kowane yawa a gonakin Bordo, yana son ƙasar yumɓu irin ta wannan gaɓa ta kogin Dordon, yana kuma riga wasu nuna.

Abincin da kika zaɓa mana ya dace da shi ƙwarai. Naman kaza irin mai tsirowa a daji da aka soya da tafarnuwa yana da maiƙo da ƙanshin ƙasa, ruwan inabin kuwa sai ya wanke baki a sake komawa. Da cukun tumaki mai gishiri kuma, nan ne zaƙin ya sami abokin zama. Biskit ɗinku na garin ne kaɗai ban so haɗa su ba, zaƙi kan zaƙi ya yi mini yawa.

Kwalabe uku muka saya. Washegari ɗana ya sayo naman rago a wajen mahautan halal na unguwar Sen Mishel a Bordo, muka gasa da yaji, muka sanyaya kwalba ɗaya kamar yadda kika ce. Sannan na fito da kilishin da na zo da shi daga gida. Barkonon na tashi, kurɓa ɗaya sai ya lafa, ɗanɗanon gyaɗar ya fito fili. Na bar miki ƙunshi ɗaya na kilishin a hannun ɗana, zai kawo miki ki gwada.

Sauran biyun na naɗe su cikin babbar riga a akwati, sun iso Maradi lafiya. Mai ɗakina ta ɓoye ɗaya sai Sallar layya. Allah ya ƙara muku kasuwa, ya kare gonakinku daga ƙanƙara. A gaida saurayin nan da masu dafa abinci.

Naku da godiya,
Baƙonku daga Maradi